Yadda ake neman karatu a jami'ar Japan, tun daga neman malami har zuwa zama a aji

Shekarar karatu a Japan tana farawa ne a watan Afrilu, wasu kwasa-kwasan da ake koyarwa da Turanci kuma suna ɗibar ɗalibai a Satumba ko Oktoba. Duk wanda yake son shiga aji a ɗaya daga cikin waɗannan watanni sai ya fara shiri shekara guda kafin nan, wani lokaci ma fiye. Mutanen ƙasar ba sa karɓar takarda bayan ranar rufewa, ba sa kuma jin roƙo a kan haka. Saboda haka kafin komai ka samu kalanda ka riƙa ƙirgawa da baya daga watan da kake son tafiya.

Mataki na farko: ka san ƙofar da za ka shiga ta ciki

Mai neman digirin farko ana bukatar ya yi shekara 12 yana karatun boko. Firamare shida da sakandare shida na Najeriya sun cika wannan sharaɗi, haka ma wanda ya ci jarrabawar bakaloriya a Nijar. Mai neman digiri na biyu ana neman shekara 16, wato har da digirin farko. Digirin farko shekara huɗu ne, ban da likitanci da haƙori da likitan dabbobi da wani sashe na harhaɗa magunguna, waɗanda suke shekara shida. Digiri na biyu shekara biyu, na uku shekara uku.

A ganina, ga mutumin da ya tashi a ƙasar Hausa, ƙofar digiri na biyu da na uku ta fi sauƙin shiga nesa ba kusa ba. Yawancin digirin farko da Japananci ake yin sa, kuma jami'o'i da dama suna neman sakamakon EJU, jarrabawar shiga jami'a ta ɗalibai baƙi, wadda ake yi a Yuni da Nuwamba a Japan da wasu ƙasashen Asiya. Ga wanda yake Kano ko Damagaram, zuwa rubuta ta kaɗai tafiya ce mai cin kuɗi. Akwai dai digirin farko na Turanci zalla a wasu wurare, kamar jami'ar Ritsumeikan APU da ke garin Beppu, wadda aka buɗe a 2000, kuma kusan rabin ɗalibanta baƙi ne. Jami'o'in gwamnati irin su Tohoku da Nagoya da Kyushu da Tsukuba su ma suna da irin waɗannan kwasa-kwasai, sai dai guraben ba su da yawa. A matakin digiri na biyu da na uku kuwa, musamman a kimiyya da injiniyanci da noma da lafiya, mutum zai iya yin bincikensa ya rubuta kundinsa da Turanci.

Mataki na biyu: kuɗi

Jami'o'in gwamnatin ƙasa suna da farashi kusan bai ɗaya: yen 535,800 a shekara, da kuɗin shiga yen 282,000 da ake biya sau ɗaya. Wasu kaɗan sun ɗaga nasu sama da haka a 'yan shekarun nan. Jami'o'i masu zaman kansu sun fi tsada, na likitanci kuwa ba a magana. Sannan ga haya da abinci da mota, waɗanda a Tokyo suke lashe aljihu fiye da ko'ina. Wanda ba shi da mai ɗaukar nauyi mai ƙarfi sai ya dogara da tallafi, kuma manyan tallafin da suka shafe mu guda biyu ne.

Na farko shi ne na ma'aikatar ilimi ta Japan, wanda kowa ya fi sani da MEXT. Tun 1954 ake ba da shi. Yana ɗauke kuɗin makaranta gaba ɗaya, ya biya tikitin jirgi zuwa da dawowa, sannan ya ba da alawus duk wata: yen 117,000 ga mai digirin farko, 143,000 ga ɗalibin bincike (wanda bai shiga digiri na biyu ko na uku ba tukuna), 144,000 ga mai digiri na biyu, 145,000 ga mai na uku. Mai neman ɓangaren bincike kada ya kai shekara 35, mai neman digirin farko kuma kada ya kai 25. Ana nemansa ta hanya biyu, ta ofishin jakadancin Japan ko ta jami'ar da ta yarda ta gabatar da sunanka.

Na biyu shi ne shirin ABE, wanda aka sanar a taron TICAD na biyar (taron Japan kan ci gaban Afirka) a Yokohama a 2013, hukumar JICA mai kula da tallafin Japan ga ƙasashen waje ce kuma take gudanar da shi. Matasan Afirka ake ba wa, su yi digiri na biyu tare da koyon aiki a kamfanonin Japan. Ya fi dacewa da wanda ya riga ya fara aiki, a gwamnati ko kamfani ko jami'a.

Bayan waɗannan akwai tallafin hukumar JASSO na yen 48,000 a wata ga masu ɗaukar nauyin kansu, da rangwamen kuɗin makaranta da jami'o'i suke yi, da na gidauniyoyi. Yawancinsu sai ka isa ƙasar kake iya nema, don haka kada ka gina lissafin tafiya a kansu. Ga masu kimiyya da ke son digiri na uku, cibiyar OIST da ke Okinawa da Turanci take komai, tana kuma biyan ɗalibanta.

Neman MEXT kyauta ne, fom ɗinsa ma kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka gurbi, ko ya ce yana da hanyar biza ta musamman, kuɗinka yake so. Kar ka ba shi fasfonka.

Mataki na uku: neman malami

Nan ne aikin yake. A jami'o'in Japan, ɗalibin digiri na biyu da na uku ɗan ɗakin binciken wani farfesa ne. A can yake da tebur, a can yake wuni, farfesan ne yake duba aikinsa, yake sa hannu a takardunsa, shi ne kuma zai ce kundi ya nuna ko bai nuna ba. Kusan kamar almajiri ne da malaminsa: sunan makarantar bai kai sunan wanda ka zauna a gabansa muhimmanci ba. A jami'o'i da yawa, in babu farfesan da ya ce zai karɓe ka, takardarka ba ta zuwa ko'ina komai kyan sakamakonka.

To yaya ake samunsa? Ka fara da matsalar da kake son bincika, sannan ka nemi waɗanda suke aiki a kanta. Akwai shafin researchmap inda masu bincike na Japan suke jera ayyukansu, kuma kowace tsangaya tana da jerin malamanta a intanet. Ka karanta aƙalla maƙaloli biyu ko uku na kwanan nan na wanda ka zaɓa. Kada ka tsaya a Tokyo da Kyoto don su ka fi ji. Jami'ar Tottori tana da cibiyar binciken ƙasashe masu ƙarancin ruwa, inda ake nazarin fari da kwararowar hamada da noman busasshiyar ƙasa. Wanda ya fito daga Yobe ko Maraɗi yana da abin faɗa a can wanda ɗan Osaka ba shi da shi. Jami'ar Nagasaki ta yi suna a cututtukan ƙasashe masu zafi, irin su zazzabin cizon sauro. Jami'ar noma da likitan dabbobi ta Obihiro tana da cibiya a kan ƙwayoyin cuta irin masu kawo sammore ga shanu. Jami'ar Hokkaido tana aiki a kan cututtukan da suke tsallakowa daga dabba zuwa mutum. Mai sha'awar mulki da tattalin arziki ya duba jami'ar GRIPS a Tokyo ko jami'ar IUJ a jihar Niigata. A irin waɗannan wurare, sanin da ka yi wa gonar gero ko rugar Fulani ko asibitin karkara jari ne. Rayuwa ma ta fi araha a ƙananan garuruwa.

Wasiƙar da za ka aika masa ta zama gajera. Ka faɗi sunanka da abin da ka karanta da inda ka karanta, ka ambaci wata maƙalarsa da ainihin abin da ya ja hankalinka a cikinta, ka bayyana tambayar bincikenka a layi uku ko huɗu, ka faɗi wanda zai biya kuɗin karatun ko tallafin da kake nema. Ka liƙa takardar tarihin karatunka da tsarin binciken. Wasiƙar da aka rubuta wa mutum hamsin lokaci guda ana gane ta tun daga layin farko, kuma ba a amsa ta. In mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, in bai amsa ba ka wuce gaba. Ka lura kuma, wasu jami'o'i sun hana tuntuɓar malami kai tsaye, sai ta wani ofishi. Ka karanta ƙa'idarsu tukuna.

Tsarin binciken shi ne takarda mafi nauyi a cikin kayanka. Ya ƙunshi matsalar, abin da wasu suka riga suka gano, giɓin da ya rage, hanyar da za ka bi, da yadda za ka raba aikin a cikin shekara biyu ko uku. Ka kuma amsa tambayar da kowane mai tantancewa zai yi: me ya sa sai Japan? Amsar da take gamsarwa ita ce wadda ta ambaci wata na'ura ko wata dabara ko wani malami da yake can. Cewa Japan ta ci gaba a fasaha ba amsa ba ce, kowa haka yake rubutawa. Ka kai wa malamin da ya duba kundinka na farko ya karanta, ka kuma yarda ya yi maka gyara mai zafi.

Mataki na huɗu: takardu da jarrabawa

In ta ofishin jakadanci za ka bi, sanarwa takan fito wajen Afrilu ko Mayu a shafin ofishin. Na Najeriya yana Abuja, na Gana yana Akara, na Kamaru yana Yawunde. Abin da ake nema ya haɗa da fom, tsarin bincike, takardar sakamako ta kowace shekara, shaidar kammalawa, wasiƙar shaida daga malami ko shugaban tsangaya, takardar likita a kan fom ɗinsu, da hotuna. Takardar sakamako ita ce ta fi ɓata wa mutanenmu lokaci, don haka ka neme ta tun watanni kafin sanarwa. Sunanka kuma ya zo iri ɗaya a ko'ina. In fasfo ya ce Muhammad, takardar digiri ta ce Mohammed, ka gyara ko ka samo shaidar kotu tun da wuri. Takardun Faransanci ko Larabci ana haɗa su da fassarar Turanci ko Japananci.

Waɗanda suka tsallake tantancewar takardu ana kiransu jarrabawa da ganawa, yawanci a tsakiyar shekara. Masu neman bincike suna rubuta Turanci da Japananci. Kada na Japanancin ya firgita ka, mutane da yawa sun samu ba tare da sun iya harshen ba, amma wanda ya iya baƙaƙen hiragana da katakana da 'yan jimloli ya nuna da gaske yake. Masu neman digirin farko suna ƙarawa da lissafi, 'yan kimiyya kuma da darussan fanninsu, kuma lissafin yana da tsauri sosai. Tsofaffin tambayoyi suna nan a shafin Study in Japan na gwamnati, ka sauke ka yi ta gwadawa da agogo a gabanka.

In ka ci wannan, ofishin zai ba ka takardar shaida, da ita za ka nemi wasiƙar karɓa ta wucin gadi daga jami'o'i. Lokacin da ake bayarwa kaɗan ne, a nan ne wanda ya riga ya san malaman da yake so yake tsere wa saura. Daga nan takardu su tafi Tokyo, sakamakon ƙarshe ya fito a farkon shekara mai zuwa, tafiya kuma a Afrilu ko kaka.

Hanyar jami'a ta bambanta: farfesa ne yake amincewa da kai, jami'a ta miƙa sunanka ga ma'aikatar ilimi. A nan ana lissafa makinka a kan ma'aunin 3.00, ana kuma neman aƙalla 2.30. Kowace jami'a da ranar rufewarta, yawanci tsakanin ƙarshen shekara da farkon sabuwa.

Yawancin masu zuwa ta ofishin jakadanci suna fara zama ɗaliban bincike ne, waɗanda ake kira kenkyusei. Wannan matsayi ba digiri ba ne. Za ka yi kamar wata shida kana koyon harshe, ka zauna a ɗakin bincike, sannan ka rubuta jarrabawar shiga digirin, ka kuma nemi a tsawaita maka tallafin. Mai digirin farko a ƙarƙashin MEXT shi kuma yakan yi shekara guda cur yana koyon Japananci a jami'ar nazarin harsunan waje ta Tokyo ko jami'ar Osaka.

Mataki na biyar: biza

Mai ɗaukar nauyin kansa yana bukatar takardar cancantar zama, wadda jami'a take nema masa daga hukumar shige da fice ta Japan. Za a tambaye ka shaidar kuɗi a banki da bayanin mai ɗaukar nauyinka. Takardar wata uku take aiki, da ita za ka je ofishin jakadanci a buga maka biza. Wanda ya samu MEXT ta ofishin jakadanci, su ne za su gaya masa yadda zai yi. Mai iyali ya fara tafiya shi kaɗai, ya samu gida ya zauna daram, sannan ya nema musu takarda. Alawus ɗin na mutum ɗaya ne.

Mataki na shida: makonnin farko

A manyan filayen jirgi kamar Narita da Haneda da Kansai, nan take za a ba ka katin zama. Doka ce ka riƙa yawo da shi a jikinka kullum. Tun a wurin ka nemi izinin aikin wucin gadi, su buga maka a bayan katin, ka huta da zuwa ofis daga baya. Cikin kwana 14 da samun masauki ka je ofishin ƙaramar hukuma ka yi rajistar adireshi, a can kuma za ka shiga inshorar lafiya ta ƙasa, wadda take ɗauke kashi 70 cikin ɗari na kuɗin asibiti. Wanda ya kai shekara 20 za a sa shi a tsarin fansho, amma ɗalibi yana iya neman a ɗage masa biya. Ka nema, kada ka bar takardun su taru a akwatin wasiƙa. Sai asusun banki. Sababbin zuwa sun fi samun sauƙi a bankin gidan waya. Ka taho da kuɗin da zai riƙe ka wata guda ko biyu, domin alawus na farko ba ya shigowa ranar da ka sauka.

In jami'a ta ba ka ɗaki a gidan ɗalibai, ka karɓa. Haya a waje tana zuwa da kuɗin ajiya, da kuɗin godiya ga mai gida wanda ba a mayarwa, da ladan dillali, da neman wanda zai tsaya maka. Gidan kuma fayau za ka same shi, ba gado ba firji. Shara ana ware ta kashi-kashi, kowane iri da ranar fitar da shi, kuma wannan ne ya fi haɗa baƙi da maƙwabta faɗa. Lambar 'yan sanda 110, ta motar asibiti da kashe gobara 119. Girgizar ƙasa aba ce da za ka ji ba sau ɗaya ba, ka tambayi inda mutanen unguwa suke taruwa in ta yi ƙarfi. Wanda aka tura Hokkaido ko Tohoku ya sayi rigar sanyi a can, ta gida ba za ta yi masa komai ba.

Aiki, abinci da salla

Izinin aiki awa 28 ne a mako, a dogon hutu kuma awa takwas a rana. Ana ƙirgawa da gaske, kuma wanda ya zarce yana iya rasa sabunta bizarsa. An hana ɗalibai aiki a gidajen caca na pachinko da wuraren shaƙatawar dare. Lada a yawancin wurare ya haura yen 1,000 a awa, abin da zai taimaka da cefane amma ba zai biya kuɗin makaranta da haya tare ba. Wanda ya tafi da niyyar aikin ne zai riƙe karatunsa yakan rasa ɗaya daga ciki.

Ga Musulmi, matsalar abinci ba a naman alade da ake gani take ba. Tana cikin romo da miya da burodi da alewa, inda ake sa ruwan naman alade ko kitsensa, da kuma mirin da sake, waɗanda giyar shinkafa ce da ake girki da ita. Ka haddace baƙin 豚 na alade da 酒 na giya, ka riƙa duba bayan leda. Shagunan Gyomu Super sukan sayar da kajin halal daskararru, unguwar Shin-Okubo a Tokyo tana da shagunan halal, wasu jami'o'in kuma suna da abincin halal a ɗakin cin abinci. Kifi da shinkafa da ƙwai suna ko'ina. Masallatai ma akwai: na Kobe tun 1935 yake tsaye, ga Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara, ga ƙanana a garuruwan jami'a da yawa waɗanda ɗalibai suka kafa. Juma'a ranar aiki ce. Ka gaya wa malaminka tun makon farko cewa kana bukatar awa ɗaya ko biyu ranar, ka kuma faɗa masa batun azumi kafin watan ya kama. Abin da ba sa so shi ne a neme ka a rasa ba sanarwa. Haka in an yi liyafar ɗakin bincike, inda akan sha giya, ka je ka ce shayi za ka sha, ba wanda zai tsare ka.

A ɗakin bincike malami sensei ake ce masa, waɗanda suka riga ka shiga kuma ana ba su girmansu, su ne ma za su koya maka na'urori. Taron mako-mako, inda kowa yake gabatar da abin da ya yi, ba a fashinsa. In an ce ƙarfe tara, ka iso saura minti biyar. In malami ya ce abu zai yi ɗan wuya, yawanci a'a yake nufi.

Ko da kwas ɗinka na Turanci ne, ka riƙi Japananci da gaske. Wasiƙun ƙaramar hukuma da likita da mai gida duk da shi suke magana. Jarrabawar JLPT ta gwada iya Japananci ana yin ta a Yuli da Disamba, daga matakin N5 na ƙasa zuwa N1 na sama, kuma kamfanoni sukan nemi N2 ko sama. Neman aiki a can ana fara shi kusan shekara guda kafin kammalawa, wanda bai samu ba kuma yana iya neman izinin zama na wata shida don ci gaba da nema, a sabunta masa sau ɗaya, in jami'arsa ta ba shi takardar goyon baya.